Tumbin Giwa da Gardamar Wanda Ya Fara

Wani malamin makarantar sakandare daga Bakura ya rubuto mana cewa gardama ta kaure a ɗakin malamansu. Wasu sun dage cewa 'yan kasuwa ne suka ƙirƙiro fim ɗin Hausa, wasu suka ce gidajen talabijin ne, shi kuwa ya taɓa jin cewa wata ƙungiyar samari ce ta cikin unguwa, waɗanda ba mai biyansu ko sisin kwabo. Sai ya ƙara da tambayar da ta fi ci masa rai: in dai 'yan gida ne suka fara, me ya sa waƙar da ta cika finafinan nan ba ta ɗebo komai daga gidan Ɗanƙwairo ba, sai daga Indiya?

Malam, abin da ka ji shi ne daidai. Sunan ƙungiyar Tumbin Giwa, an kafa ta a birnin Kano a 1979, kuma daga kirarin birnin ta ɗauko sunanta. Shekara 11 ta yi tana wasa a dandamali da gaban kyamarar talabijin kafin ta fitar da Turmin Danya a watan Maris na 1990. Tambayarka ta biyu ta fi wuya, kuma ba za ta amsu ba sai mun koma baya kaɗan.

A Turai akwai wasan da suke kira opera, wanda ya faro a Italiya wajen 1600, inda ake rera labari da waƙa ana kwaikwayonsa a lokaci guda. Da ya isa Ingila sai talakawan ƙananan garuruwa suka yi nasu: akawu da malamin makaranta da mai shago su haɗu da yamma, su yi ta gwaji, su nuna wasa sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Har ƙungiyar ƙasa suka kafa a 1899. Bahaushe bai jira kowa ya koya masa haɗa waƙa da kwaikwayo ba. Duk wanda ya tashi a Bakura ko Mafara ko Maradun ya san tashen da ake yi daga goma ga azumi. Yaro ya manna gemun auduga, ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, ya riƙe sanda yana rawar jiki kamar tsoho, abokansa na biye suna amshi, a shiga gida gida ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Akwai mai bayarwa, akwai 'yan karɓi, akwai shiga, akwai labari, akwai wanda ake yi wa ba'a don ya gyara hali. A Kano har sarauta tashe ya samu, ta Nalako, mai farautar gwagware. Abin da tashe ya rasa shi ne zama ƙungiya mai ɗorewa, domin da an ga watan Sallah kowa ya watse sai baɗi.

Makarantar boko ce ta kawo wannan ɗorewar. A shekarun 1930 Dokta R. M. East ya fitar da wasanni shida na Hausa don 'yan makaranta. Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna a ƙarshen shekarun nan, ya riƙa rubuta wasannin da ke caccakar zalunci da cuta a kasuwa da fada. Mutanen ƙasar Mafara kuwa suna da hannu a wannan tarihi fiye da yadda suke tunawa, domin Wasan Marafa, wanda aka buga a 1949, yana cikin wasannin farko da Bahaushe ya rubuta aka buga a littafi, kuma Alhaji Abubakar Tunau Mafara ne ya rubuta shi, kan tsafta da amfanin ilmin zamani. Ɗalibai da yawa a Arewa da shi suka fara hawa dandamali.

A Kano, wanda ya fitar da abin daga aji ya kai shi gari shi ne Maitama Sule. Yana malami a Midil ta Kano a ƙarshen shekarun 1940 ya fara shirya wasanni da ɗalibansa, cikinsu har da Sarkin Ɓarayi Nomau, daga baya abin ya zama ƙungiya mai ɗauke da sunansa. Malamai ne da ma'aikatan En'e da na gwamnati, masu aikinsu na albashi, wasan kuwa sha'awa ce. Daga wannan gida aka samu irin su Daudu Galadanci, wanda duk Arewa ta sani da Kuliya, da Mustapha Ɗanhaki. A Kaduna ga Usman Baba Pategi da Samanjansa, ga Ƙasimu Yero. Yaran da suka kafa Tumbin Giwa waɗannan mutane suka buɗe ido suka gani a akwatin talabijin, kuma burin kowannensu shi ne wata rana a ga fuskarsa a wurin.

Irin waɗannan ƙungiyoyi sun yawaita a Kano a wancan lokaci: Tumbin Giwa, Gyaranya, Jigon Hausa da sauransu. Tsarinsu kusan ɗaya ne. A zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji, a yanka kuɗin mako, a nemi aron ajin firamare bayan la'asar. A tura bencina gefe, allo ya zama bangon fada, kujerar malami ta zama karagar sarki. Sau da yawa ba rubutaccen wasa a hannun kowa, sai dai mai labari ya zayyana yadda fitowa za ta kasance, kowa ya sa maganarsa a bakinsa. Wannan ne ya sa 'yan wasan da suka fito daga ƙungiyoyi suke da kaifin baki da iya karin magana da ba a cika samu a wajen na bayansu ba. Samun mata kuwa shi ne babban aiki, domin iyaye ƙalilan ne ke yarda 'yarsu ta shiga abin da ake gani kamar sana'ar 'yan kama.

Da gwamnatin Abubakar Rimi ta buɗe gidan talabijin na jiha, CTV 67, a farkon shekarun 1980, sai ƙofa ta ƙara buɗewa, domin sabon gida yana buƙatar shirye-shiryen cika lokaci. Amma ƙofar ƙarama ce ga yawan masu son shiga, kuma wanda ya shiga ɗin ma abin da ake ba shi bai taka kara ya karya ba. Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya kankama, kuɗin shirya wasanni a gidajen gwamnati ya ja baya, darajar naira ta faɗi, shigo da finafinan majigi ya yi tsada. A daidai wannan lokaci kuma na'urar bidiyo ta fara shiga gidajen masu hali, kyamarar ɗaukar biki ta zama sana'a.

A nan ne gardamar take, kuma ba ta malaman Bakura kaɗai ba ce. Tsofaffin 'yan fim su ma ba su gama ta ba.

Masu ra'ayi na farko suna cewa ai fim ɗin Hausa ya girmi Tumbin Giwa nesa ba kusa ba. Suna kawo Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ruwan Bagaja da Maitatsine na ƙarshen shekarun 1980. Gaskiya ne, kuma Shaihu Umar aiki ne da har yau ake cire masa hula, har an gyara shi an nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Sai dai waɗannan finafinan majigi ne masu cin maƙudan kuɗi, ba abin da ɗan unguwa zai yi mafarkin yi ba. Ba su haifar da kasuwa ba, kuma talaka bai taɓa sayen ɗayansu ya kai wa iyalinsa ba a lokacin.

Masu ra'ayi na biyu hujjarsu ta fi ƙarfi. Suna cewa tun farkon shekarun 1980 akwai mutane irin su Sani Lamma da Hamisu Gurgu da suka ɗauki kyamarar bidiyo suka haɗa wasanni a Kano, cikinsu har da Baƙar Indiya. Wannan ma ba ƙarya ba ne, kuma zalunci ne a share sunayensu, domin su ne suka fara nuna cewa kyamarar biki tana iya ɗaukar labari. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya fi kowa bin diddigin wannan tarihi, ya ambace su a rubuce-rubucensa. Amma shi ma da ya zo ƙirga shekarun masana'antar, daga 1990 ya fara.

Ni ma nan na tsaya, ga kuma dalilina. Wanda ya fara ɗaukar hoto daban, wanda ya buɗe hanyar da ba ta sake toshewa ba daban. Ayyukan farkon shekarun 1980 sun tsaya kan mutum ɗaya da kyamararsa, da ya ajiye sai abin ya tsaya. Tumbin Giwa kuwa ta zo da abin da mutum ɗaya ba ya da shi: jama'ar da suka shekara goma suna wasa tare, sun san wanda ya iya sarki da wanda ya iya bafade, suna da asusu, suna da shugabanci, suna da wanda zai tsawata in an makara. Da Turmin Danya ya fita ba su tsaya ba, suka biyo da Rikicin Duniya, sannan Gimbiya Fatima a 1992. Jigon Hausa ta ga abin da maƙwabta suka yi ta fitar da Munkar. Marubutan littattafan soyayya suka shigo da nasu labaran, Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim a 1994. Daga nan ba a sake shekara ba fim ba. Mutanen Legas da ke ƙirga tarihinsu daga Living in Bondage na 1992 su sani cewa Kano ta riga su da shekara biyu.

Mutumin da ya kamata a fi tunawa a wannan mataki shi ne marigayi Aminu Hassan Yakasai. Shi ya rubuta Turmin Danya, Salisu Galadanci ya ba da umarni, Ibrahim Mandawari ya fito a ciki. Aminu marubucin littattafai ne, ɗan ƙungiyar Raina Kama, wato ya fito daga cikin mutanen da suka riga suka koyi darasi ɗaya mai tsada: in kamfanonin ɗab'i sun ƙi karɓar littafinka, ka tara kuɗi ka buga da kanka, ka kai kasuwa a ka. Wannan darasin ya ɗauko ya kawo wa 'yan wasa. In gidan talabijin ba shi da gurbi, a yi kaset a sayar. Yau maganar kamar ba komai, amma a lokacin dillalan kaset sun saba da na Indiya da na Amurka da na 'yan Cana masu faɗa, ba su ga wanda zai fitar da kuɗinsa ya sayi wasan Hausa da yake kallo kyauta a talabijin ba.

Yadda aka sasanta da dillalan shi ne ya zama tsarin kasuwar har tsawon shekaru. Mai fim ya kawo uwar kaset, ya buga kwali mai hotunan 'yan wasa. Dillali a Ƙofar Wambai ko Bata ya sayi kwalin, ya kawo kaset ɗinsa marar komai, ya jera na'urori yana kwafa, ya zura a kwali ya sayar. Ribar mai fim tana kan kwali ne kawai. In kwali ya ƙare aka ci gaba da kwafa, ba shi da labari. A wannan ciniki aka shuka abin da ya zo ya ci ƙungiyoyin da kansu, domin wanda ke riƙe da na'urar kwafa da rumfa shi ke faɗin irin fim ɗin da zai karɓa.

Wannan ya kawo mu ga tambayar waƙa. Abu na farko da ya kamata a sani shi ne finafinan farko ba su da rawa da waƙar saurayi da budurwa. Daga 1990 zuwa wajen 1994 kiɗan gargajiya ake sa wa a ƙarƙashin hoto, musamman na 'yan Koroso da ke ƙarƙashin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Kiɗan yana rakiyar labari ne, ba ya tsayar da shi. Saboda haka masu cewa 'yan fim tun ran gini suka yi zane da Indiya ba su yi wa Tumbin Giwa adalci ba. Gimbiya Fatima a fada aka kafa labarinsa, da rawani da alkyabba da dogarai.

To me ya hana su zuwa Maradun, gidan Ɗanƙwairo? Duk wanda ya taɓa zama gaban makaɗan fada na ƙasar Zamfara ya san akwai wasan kwaikwayo kwance a cikin sana'arsu. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura, yana zaune a tsakiya, 'yan amshi na kewaye da shi kowa da kotsonsa. Ya ɗauko magana ya sake ta a rabi, su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi masa ƙari da abin da bai faɗa ba, ya dawo ya ɗora. In ya shiga zambo sai ka ga mutumin da ake yi wa a gabanka, da tafiyarsa da rowarsa, ko da ba a kama suna ba. Haka Sa'idu Faru yake yi a waƙoƙin Sarkin Kudu Maccido, wanda ya yi zamansa a Talatar Mafara. Murya fiye da ɗaya, labari, hali, raha: kayan aikin duk suna nan. Kuma Ɗanƙwairo yana raye lokacin da Turmin Danya ya fito, sai a 1991 ya rasu.

Abin da ya shiga tsakani, a ganina, ya fi ƙarfin son zuciyar 'yan fim. Kiɗan fada gado ne, kuma yana da ubangida. Waƙar ta sarki ce, ba a ɗauke ta a sa a bakin wani saurayi yana zawarcin budurwa. Samarin ƙungiyoyin kuma 'yan boko ne da 'ya'yan malamai da 'yan kasuwa, waɗanda da ma suna fama da gorin cewa sun zama 'yan wasa, balle a ce sun rataya kotso a kira su maroƙa. Sannan ga abin da kunnensu ya sha tun suna yara. Sinimomin Kano, irin su Rex da Palace da Plaza da Orion, sun shekara da shekaru suna nuna finafinan Indiya da 'yan Labanan ke shigowa da su, daga baya talabijin ya kai su har tsakar gida, inda matan kulle suka haddace su. Tun kafin a yi fim ɗin Hausa na kaset, Abdu Yaron Goge ya riga ya juya karin waƙar Indiya zuwa Hausa, masu bandiri ma sun yi begen Annabi da irin wannan kari. Ƙasa ta riga ta jiƙa kafin 'yan fim su zo.

Duk da haka, ni na fi ɗora nauyin a kan fiyano da dillali. A tsakiyar shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya shigo ɗakunan kiɗa na Kano, irin na Iyan-Tama. Mutum ɗaya a ƙaramin ɗaki yana fitar da abin da da sai an tara makaɗa takwas, an ciyar da su, an sallame su. Mai fim da ke lissafin ribar kwali ba zai yi dogon tunani ba. Da dillalai suka lura fim mai waƙa ya fi saurin ƙarewa a rumfa, sai waƙa ta zama sharaɗi. Aka kai matsayin da ake fara yin waƙa kafin a nemo labarin da za a rataya mata.

Abin da ke ƙara mini takaici shi ne Sangaya, na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a 1999 da Ali Nuhu da Fati Muhammad, ya kuma yi kasuwar da ba a taɓa gani ba. A fiyano aka yi kiɗansa, amma sautin sarewa da ganguna irin na gida aka zaɓo, kuma labarin na gidan sarauta ne. Jama'a sun nuna ƙarara cewa kunnensu yana son abin da ya yi kama da nasu. Darasin da kasuwa ta ɗauka daga Sangaya kuwa shi ne a ƙara yawan rawa. Da a ce a wannan gaɓa wani ya tafi Maradun ko Faru ya zauna da magadan makaɗan nan, ya koyi yadda ake ba da magana a karɓe, ya gina labari a kai, da wataƙila yau muna da wasan waƙa namu na kanmu da ba wanda zai ce aro ne. Ƙungiya irin Tumbin Giwa, mai haƙurin gwaji na wata da watanni, ita ce za ta iya wannan aiki. Amma a 1999 zamanin ƙungiya ya riga ya wuce. Kowane ɗan wasa da ya yi suna ya buɗe kamfaninsa, yaro mai son fim ba ya biyan kuɗin mako ya jira shekara uku kafin a ba shi fitowa, furodusa yake nema.

Sauran labarin kowa ya san shi. A shekarar ta 1999 Sunusi Shehu Daneji ya raɗa wa masana'antar suna Kannywood a mujallar Tauraruwa, Ibrahim Sheme ya fara fitar da mujallar Fim. A watan Oktoba Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, guguwar ta isa Kano a 2000, a watan Disamba gwamnatin jihar ta dakatar da harkar fim, kuma rawa da waƙar maza da mata na kan gaba cikin abin da aka yi kuka da shi. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai aka ci gaba da aiki ƙarƙashin sharuɗɗa. Kaset ya ba faifan CD wuri, satar fasaha ta kashe kasuwar faifan, aka koma tashar Arewa24 da YouTube, inda dogayen shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Labarina suka mayar da zance gaba, rawa ta koma baya. Ibrahim Mandawari, wanda ya shugabanci Tumbin Giwa ya kuma sha fitowa a matsayin basarake, daga baya ya zama Mai Unguwar Mandawari a cikin birnin Kano.